Kayan haɗa ruwan malt a gida daga tsiron hatsi

Kayan nan su ne masu dafa giya a gida a Amurka da Ingila suke haɗawa, amma in baka zuba yis ba ruwan malt ne kawai mai zaƙi zaka samu.

Fara da kula, irin ta ƙanƙara, mai kamar lita 40, domin aikin gaba ɗaya riƙe zafi ne. Ɓarzajjen tsiron sha'ir yana so ya zauna a ruwa mai digiri 65 zuwa 67 na awa ɗaya, a nan sitacin yake komawa suga, in zafin ya haura 78 kuwa shikenan ka kashe aikin, shi yasa ma'aunin zafi dole ne, don Allah kar kace zaka gwada da yatsa. Ka huda gindin kular ka sa famfo da roba kar ya yi yoyo, sannan tela ya ɗinka maka jaka da yadin tata mai ƙarfi ka shimfiɗa a ciki ka zuba tsiron a cikinta, in an gama ka ɗaga jakar dusa ta biyo ta. Ni nafi son jakar akan rariyar ƙarfe, ga arha ga sauƙin wanki.

Tukunyar tafasa ruwan da ka tace daga kular kuma mai lita 30 ga ruwa lita 20, saboda kumfa.

In tsiron dawa ne akwai bambanci, sitacinta yafi son zafi, don haka in ka jiƙa shi ka tsiyaye ruwan saman ka ajiye, ka dafa kaurin daban, ya ɗan huce sannan ka mayar da ruwan. In ka tafasa ruwan malt ɗin, yana hucewa sai firij, ruwan nan baya jimawa yake tsami.