Ga wanda ya faɗi jarrabawar CCNA

'Yan uwa, wanda ya faɗi CCNA 200-301, jarrabawar kamfanin Cisco kan haɗa kwamfutoci a network, ya yi haƙuri, kada zafin rai ya sa ya sake biyan dala 300 nan take. Cisco ta yarda a sake zama bayan kwana 5, amma ka ba kanka mako huɗu zuwa shida.

Fara da takardar sakamakonka, tana nuna kason da ka samu a kowane sashe. Sashen IP Connectivity, wato yadda bayanai ke samun hanya tsakanin network da network, ya fi nauyi, kashi 25 cikin 100, kuma karatu kaɗai ba ya zaunar da shi. Buɗe Packet Tracer, manhajar Cisco ta gwajin network, kyauta ne, ka haɗa rauta uku (na'urorin da ke tura bayanai tsakanin network) da OSPF, tsarin da suke musayar hanyoyi da shi, har su ga juna, sannan ka ɓata su da gangan. Mayar da tazarar hello, saƙon da rauta ke aika wa maƙwabcinta, daga daƙiƙa 10 zuwa 5 a gefe guda, ka buga umarnin show ip ospf neighbor, ka ga yadda maƙwabcin ya ɓace. Canza lambar area, wato yankin OSPF, a gefe guda, nan ma maƙwabcin zai ɓace. Matsalar da ka haddasa da hannunka ka gyara, da wuya ka manta ta.

Rabon adireshin IP zuwa ƙananan rukuni (subnet) kuwa ya zauna a ka: rukunin /26 adireshi 64 ne, 62 na amfani, /27 kuma 32, 30 na amfani. Jarrabawar minti 120 ce kawai, kuma in ka wuce tambaya babu komowa.

Ka tuna kowane ACL, wato jerin dokokin barin bayanai su wuce ko hana su, yana da ɓoyayyen deny a ƙarshe, wanda ke hana duk abin da jerin bai yarda da shi ba. Tambayoyin sata da ake sayarwa kuwa ka guje su, suna iya sa a soke maka takardar shaida.