Yadda nake koya wa yara jadawalin sinadarai a Nima

In ɗalibaina sun zo karatun yamma, ɗan gishiri nake fara zubawa a kan benci. Sodiyam da kulorin ne a ciki.

Kada ka wahalar da kanka da haddar sinadarai 118. Bi layukan da suka sauko daga sama zuwa ƙasa, 18 ne, kowanne gida ne na 'yan uwa masu hali ɗaya. Sai ka ƙirga ilektron na ɓawon waje, wato 'yan mitsitsin ƙwayoyin da ke zagaye a zoben ƙarshe na atam, ƙwayar zarrar kowane sinadari. Sodiyam ɗan gida na 1 ne, guda ɗaya gare shi, neman rabuwa da shi yake. Kulorin kuwa, a gida na 17, bakwai gare shi, saura ɗaya ya cika takwas. Shi ya sa suke riƙe juna gam. 'Yan gida na 18, su neyon da agon, a ƙoshe suke, ba ruwansu da kowa.