Kafin ka fesa fenti mai ƙyalli, gwada shi a bayan cokali

Salamu alaikum 'yan uwa masu haɗa ƙananan motocin kwaikwayo na ado. Duk wanda zai fesa fenti mai ƙyallin ƙarfe, don Allah ya fara gwadawa a bayan cokalin roba. Lanƙwasarsa irin ta jikin mota ce, nan take za ka ga yadda haske zai kwanta. Ka samu cokula uku, ka shimfiɗa wa ɗaya baƙin fenti, ɗaya fari, ɗaya ruwan toka, sannan ka fesa kalarka a kai, ka rubuta sunanta a mariƙin. In sun bushe ka fita da su rana, hasken ƙwan ɗaki yana ruɗin ido.

Abin da na fi dubawa shi ne girman ƙwayoyin ƙyallin. Motar 1/24, wato mai kashi ɗaya cikin 24 na tsawon motar gaske, ƙarama ce, in ka sa mata fentin motar gaske sai ƙwayoyin su yi mata girma, ta fito kamar an barbaɗa mata yashi. Shi ya sa nake son fentin feshi ruwan azurfa na Tamiya TS-30, ƙwayarsa tana da laushi ƙwarai.

Bamba da wili kuwa, fentin Alclad II Chrome ba ya fitowa kamar madubi sai a kan baƙi mai sheƙi wanda ya bushe sarai. A fesa shi sama-sama, da iska kaɗan a na'urar feshi. Da ka cika shi, sheƙin ya tafi, ya koma azurfa kawai. Alƙalamin Molotow mai fenti irin na madubi ma yana da kyau a ƙananan wurare, amma ka bar shi kwanaki kafin ka taɓa, don yatsa yana dusashe shi.