Babi na Shida: Riƙon Amanar Takardun Masu Biyan Haraji

Darasi na 1: Wa ke tambaya?

Fayil ɗin mai biyan haraji na ɗauke da sunansa, da adireshinsa, da lambarsa ta haraji, da abin da yake samu, da bashin da ake bin sa. Mai shi na da haƙƙin ya gani, kuma a gyara masa in an rubuta ba daidai ba. Bayan shi, sai wanda doka ta yarje wa, ko wanda ya wakilta a rubuce.

Ku ma'aikatan ofishin haraji, idan mutum ya zo teburinku, kada ku buɗe fayil tukuna. Ku ce, "Malam, don Allah katin shaida." Ku karɓa a hannu. Ku dubi hoton, ku dubi fuskarsa. Ku karanta sunan harafi bayan harafi, ku gwada da wanda ke bangon fayil. In karatunku bai yi sauri ba tukuna, ba komai, ku bi a sannu, zai jira.

Ta waya ma haka ne. Shi zai faɗi lambarsa, ku kuna dubawa. In kuka ce, "Kai ne mai lamba kaza?" kun riga kun ba shi.

Mu maimaita: katin shaida tukuna, sannan fayil. Ku faɗa da ƙarfi. Madalla.

Nan ne aka fi tuntuɓe, har da masu ƙoƙari a cikinku. Sai a ce, "Ai ƙanensa ne," ko "Ai matarsa ce." Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Ƙane ya kawo takardar izini mai sa hannun yayansa, ya nuna nasa katin. In babu, ku ba shi haƙuri ya tafi.

Darasi na 2: Kwamfuta

Ku kulle ta duk sanda za ku tashi. Kalmar sirrinku kada ku ba kowa, ko abokin aiki. Fayil ɗin da ba a ba ku aikinsa ba kada ku leƙa, ko da na maƙwabcinku ne.

Darasi na 3: In takarda ta ɓata

Ku gaya wa shugabanku nan take. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, awa 72 kawai ta ba ofis ya sanar da hukumar kare bayanai in bayanan mutane sun ɓata, kuma ƙasashe da dama sun bi wannan wa'adi.

Darasi na 4: Tsofaffin takardu

Ba a jefa su a kwandon shara. In an ba da izini, a sa su a injin yayyaga takarda.