Maki Ko Tsaba? Kurakuran Da 'Yan Kasuwarmu Na Amurka Ke Yi Da Katin Bashi

Duk shekara da Fabrairu ta kama, 'yan kasuwarmu na unguwar Bronx ta birnin New York da kewaye sukan fara kawo min takardun haraji, wani a fayil, wani a ledar shagonsa. Sana'ata ke nan, lissafi. A cikin takardun kuwa babu wadda take tona asirin mutum kamar takardar katin bashinsa ta wata-wata. Bana wani Alhaji mai shagon kayan abincin gida, su gari da manja da daddawa da busasshen kifi, ya zauna gabana ya miƙo min wayarsa yana murmushi.

"Malam, duba nan. Maki 140,000 na tara."

"Masha Allah, Alhaji. Nawa ke nan a dala?"

Ya karɓi wayar ya sake dubawa, ya gyara hula. "Ai dai da yawa."

Kuskuren farko ke nan, kuma shi ne uwar sauran. Banki yakan ba ka zaɓi biyu: ko ya mayar maka da wani kaso na abin da ka kashe a tsabar kuɗi, ko ya ba ka maki. Tsaba ba ta buƙatar tafinta, kashi 2 na dala 1,000 dala 20 ne yau da gobe. Maki kuwa kuɗin banki ne na kansa, shi ya buga abinsa, shi ke yanka masa farashi, kuma farashin ya danganta da ƙofar da ka fita da shi. Wanda bai san senti nawa makinsa ɗaya yake ba, kamar mai sayen hatsi ne bai ga mudun da ake auna masa ba.

Ga misali daga banki ɗaya. American Express yana da katunan kasuwanci biyu marasa kuɗin shekara masu kama da tagwaye. Blue Business Cash yana mayar da kashi 2 a kan dala 50,000 na farko a shekara, sannan kashi 1. Blue Business Plus yana ba da maki 2 a kowace dala har zuwa wannan iyakar, sannan maki 1. A ce ka kashe dala 60,000 a shekara. Na farko ya ba ka dala 1,100. Na biyu ya ba ka maki 110,000. Idan ka ce a rage maka bashin kati da makin, ana lissafa kowanne a senti 0.6, wato dala 660. Idan ka yanki tikitin jirgi ta shafin tafiye-tafiye na bankin, senti 1 ne, ka koma dala 1,100, kun yi kunnen doki da mai tsaba. Ba za ka wuce shi ba sai ka tura makin zuwa asusun kamfanin jirgi, ka kuma dace da kujera mai sauƙi. Gyaran abu ne na minti biyu: ka raba dalar da za ka samu da yawan makin da za ka bayar. Idan amsar ba ta kai abin da katin tsaba zai ba ka ba, wahalar banza kake yi.

A wajen rabawar nan ma akwai inda mutane ke yaudarar kansu, kuma waɗanda suka fi ganin sun waye su suka fi faɗawa. Mutum ya ga kujerar manya zuwa Legas ana sayar da ita dala 6,000, ya same ta da maki 120,000, sai ya shiga gari yana cewa makinsa ɗaya senti 5 ne. To da kuɗin aljihunka, da ka taɓa sayen wannan kujera? Idan tun da ka zo ƙasar nan a baya kake zama, farashin kujerar baya shi ne ma'auninka. A ce tikitin dala 1,300 ne, an ba ka shi a maki 70,000 amma ka biya dala 250 na haraji da ƙarin kuɗin mai. Abin da makin ya ɗauke maka dala 1,050 ne, wato senti 1.5 kowane maki. Ba laifi, ya fi tsabar kashi 2 idan maki 2 kake samu a dala. Amma ba senti 5 ba ne. Wasu kamfanonin, musamman masu bi ta Landan irin su British Airways, ƙarin kuɗin da suke ɗorawa a kan tikitin maki yana da nauyi, har wani lokaci ya cinye rabin amfanin.

Ni ba maƙiyin maki ba ne. Ga mai zuwa gida sau biyu ko uku a shekara, wanda kuma yake iya matsar da ranar tafiyarsa, maki yana da ranarsa. Bankin Chase da American Express duk suna tura maki zuwa Flying Blue, tsarin maki na kamfanonin jirage na Air France da KLM, masu sauka Legas da Accra, da kuma Aeroplan na Air Canada. Air Canada yana cikin ƙawancen kamfanonin jirage na Star Alliance tare da Ethiopian da EgyptAir, don haka makin Aeroplan yana yankar tikitinsu, su kuwa suna sauka Kano ta Adis Ababa da Alƙahira. Matsalar ita ce lokacin da mu muke son tafiya, wato hutun makaranta na Yuli da Agusta, da ƙarshen Disamba, da gabanin Sallah, shi ne lokacin da kujerun maki suke ƙaranci ko su yi tsada. Neman kujera ɗaya daban, neman biyar ga kai da uwargida da yara daban. Sannan maki idan ya fita daga banki ya shiga asusun kamfanin jirgi, ba ya dawowa. Don haka ka fara ganin kujerar da idonka a shafin kamfanin, a ranar da kake so, kafin ka tura ko maki ɗaya.

Akwai kuma masu ajiye maki kamar gwal ɗin aure. Maki ba ya haihuwa, ramewa yake yi. A kamfanonin jirage, Delta ta cire jadawalin farashin tikitin maki tun 2015, United ta bi sahu a 2019, yanzu farashin yana hawa da sauka yadda kamfani ya ga dama. Dala 1,100 da aka ba ka a Janairu kuwa ta shiga jari, ta sayo katan-katan na kaya, ta juya sau uku ko huɗu kafin shekara ta ƙare. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin darajar kuɗin da ke juyawa, amma da an zo maganar maki sai ya manta.

Yanzu ga wanda ya fi duka ciwo. Wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi ta kawo min takardunta, na ga wata bakwai a jere tana biyan mafi ƙarancin abin da aka nema, sauran bashin yana kwana.

"Hajiya, kin san nawa kuɗin ruwa ya ci miki bara?"

"Ɗana, ai katin nan mai mayar da kuɗi ne. Duk wata sai sun ba ni wani abu."

Na juya mata takardar, na sa biro a kan layuka biyu. Na sama abin da aka mayar mata, na ƙasa abin da aka caje ta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta yi salati. Kuɗin ruwan katin bashi a Amurka a 'yan shekarun nan ya haura kashi 20 a shekara. A ce naka kashi 24 ne, wato kashi 2 a wata. Ka sayi kayan dala 10,000, an mayar maka da dala 200, ka bar bashin ya yi wata ɗaya, an caje ka kimanin dala 200. An ba ka da dama an karɓe da hagu, daga wata na biyu kuwa aljihunka ake ci. Ƙari a kan haka, da zarar ka fara barin bashi yana kwana, sabon sayayyar da ka yi ma ruwa yake fara hawa kanta tun ranar da ka yi ta. Wanda ba ya biyan katinsa duka kowane wata, muhawarar maki da tsaba ba tasa ba ce tukuna. Ya saita asusunsa ya riƙa cire cikakken kuɗin da kansa kafin ranar biya. Ga mafi yawanmu batun bai tsaya ga asara ba, akwai haramcin kuɗin ruwa, kuma malamai sun saɓa a kan halaccin riƙe katin da yarjejeniyarsa ke ɗauke da sharaɗin ruwa ko da mutum ba zai taɓa biyansa ba. Wannan fatawa ce, a kai ta wurin masu ita. Nawa dai shi ne na nuna layin.

Kuɗin shekara ma lissafinsa ba wuya, ƙyuya ce kawai. Katin Spark Cash Plus na bankin Capital One yana mayar da kashi 2 ba iyaka, kuɗin shekararsa dala 150. Ink Business Unlimited na Chase yana mayar da kashi 1.5, ba kuɗin shekara. Tazarar rabin senti ce a kowace dala, don haka sai ka kashe dala 30,000 kafin ka fanshe 150 ɗin. Ƙasa da haka, na kyautan ya fi maka. Manyan katunan nan masu nauyi a hannu da ake biya wa ɗaruruwan daloli a shekara, amfaninsu yana cikin ɗakin hutawa na filin jirgi da rangwamen otal da makamantansu. Idan rayuwarka daga shago sai masallaci sai gida, ƙarfe kawai ka saya.

Wani abin da talla take ɓoyewa shi ne babban lambar da ke jikinta ba ta hawa kan kowane sayayya. Ink Business Cash na Chase yana ba da kashi 5, amma a shagunan kayan ofis da kuɗin intanet da waya, har zuwa dala 25,000 a shekara, da kashi 2 a gidan mai da gidan abinci. Duk abin da ya fita daga nan kashi 1 ne. To mai shagon da kashi 80 na kuɗinsa ke tafiya wurin dillalan shinkafa da man girki fa? Kashi 1 yake ci yana tsammanin 5 ne. Mai aika kaya kuwa, ko mai biyan talla a Facebook da Google, Ink Business Preferred yana ba shi maki 3 a dala a waɗannan fannoni har zuwa dala 150,000, da kuɗin shekara dala 95. Idan aka ɗauki maki a senti 1, dala 6,400 a waɗannan fannoni ta isa ya wuce katin kashi 1.5. Sai dai banki ba ya duba abin da ka saya, lambar rukunin da aka yi wa mai sayarwa rajista da ita yake dubawa. Mai haɗa maka kwantena zuwa Kwatano ko Tema ba lalle ne ya faɗa rukunin aika kaya ba. Gwada shi da ƙaramin biya, ka ga maki nawa ya shigo. Kuma kafin ka zaɓi kati, ɗauko takardun wata 12 da suka wuce ka kasa kuɗin kashi-kashi, katin ya bi kasuwarka. Ka kuma tambayi inda kake sari wane kati suke karɓa, don Costco, babban kantin sari, a Amurka katin Visa kaɗai take karɓa a cikin shagunanta.

Sai ƙananan ɓeraye masu cin buhu ta ƙasa. Dillali ya ce idan da kati za ka biya akwai ƙarin kashi 3, kai kuma kana neman kashi 2: biya ta banki ko da cak. Sayayya daga Chana ko Dubai ko Turkiyya da katin da ke cajin kashi 2.7 ko 3 na cinikin ƙetare, nan ma asara ce, alhali katunan Capital One da Ink Business Preferred ba sa cajin wannan. Mafi muni shi ne tura kuɗi gida da katin bashi. Sau da yawa banki yana ɗaukarsa a matsayin cire tsabar kuɗi, sai ya caji har kashi 5 nan take, ruwa ya fara hawa daga ranar, maki kuma ko ɗaya babu. Garaɓasar buɗe sabon kati ita ma tana da kyau idan dama za ka kashe kuɗin da aka gindaya a wata ukun farko. Na ga wanda ya cika sito da kayan da ba sa tafiya don ya kai adadin, yana nan yana kallonsu.

Ta fuskar haraji, hukumar harajin Amurka, IRS, tana ɗaukar abin da aka mayar maka saboda sayayya a matsayin rangwame, ba kuɗin shiga ba. Amma rangwame yana rage abin da za ka ce ka kashe. Ka sayi kayan dala 1,000 an mayar maka da 20, kuɗin da kasuwa ta kashe 980 ne. Tikitin tafiyar kasuwanci da ka yanka da maki kuwa ba za ka cire farashinsa daga haraji ba, sai ɗan abin da ka biya da kuɗi. Shi ya sa nake ce wa mutane tafiyar sari a biya ta da kuɗi, a bar maki ga tafiyar ganin gida. Garaɓasar da ake ba ka don ka kawo wa banki wani mutum daban ce, babu sayayya a ciki, ana iya turo maka takardar haraji a kanta. Kuma don Allah a daina sayen cefanen gida da katin shago. Ni ke shan wahalar tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Sunan kamfaninka a jikin kati bai raba ka da bashin ba. Kusan duk katunan ƙananan 'yan kasuwa kai ne ka sa hannu ka tsaya da kanka, idan shago ya rufe kai za a bi. Dokar kare masu katin bashi ta 2009 ma yawancin kariyarta ba ta shafi katin kasuwanci ba. Idan kuna haɗin gwiwa da wani, ku rubuta tun yau wa ke da makin, don yana zaune ne a asusun wanda ya buɗe katin, ko da kuɗin ku biyu ne ya tara shi. Ranar da ka yanke shawarar rufe kati kuma, fara kwashe makin ko ka tura shi inda zai yi amfani, domin idan ba ka da wani katin na tsarin makin nan a bankin, yana iya tafiya tare da asusun.

Shi Alhajin gari da manja mun zauna mun kasa takardunsa na shekara. Kusan duk kuɗinsa wurin dillalai yake tafiya, gida kuma sau ɗaya yake zuwa a shekara biyu. Ya koma katin tsaba na kashi 2. Makin 140,000 kuma muka nemo masa kujera biyu ta zuwa da shi a watan Oktoba, shi da Hajiya, lokacin da jirage ba su cika ba, na dawowa ya biya da kuɗi.