Tsohon samfuri ko na bana: yadda ake zaɓen tele mai intanet a Yamai

Kowane mai shago a Babbar Kasuwa zai ce maka telen da ke gabansa sabon shigowa ce. Kada ka tsaya gardama, ka juya ta ka karanta takardar da ke manne a bayanta, domin shekarar tana cikin lambar samfurin. A Samsung, in ka ga UA55CU7000, 55 girman allo ne a inci, harafin C da ke biye shi ne 2023. T na nufin 2020, A 2021, B 2022, D 2024. LG masu 4K, wato allon da hotonsa ya fi Full HD kaifi, haruffa biyu suke sawa: UN 2020, UP 2021, UQ 2022, UR 2023, UT 2024. Lambar ƙarshe kuwa, 7000 ko 8000, aji take nunawa.

Ajin nan ya fi shekara muhimmanci. Tele ƙaramin aji ba ta wani sauyawa daga bara zuwa bana: 4K ɗin ɗaya ne, saurin allon 60 Hz ne, sai dai a sake wa menu fasali a canza ƙafafu. Saboda haka in kuɗinka ya kai ƙaramin aji na bana ko matsakaicin aji na bara ko bara waccan, kuma dukansu a kwali suke, ɗauki matsakaicin. Haskensa ya fi, baƙinsa ya fi zurfi, kuma ragin da ake yi wa kayan da suka kwana a shago zai bar maka canjin sayen regilata.

Inda tsufa ke cizo shi ne manhaja. Allon tele yana iya shekara goma lafiya lau, amma ƙwaƙwalwar cikinta ba ta bin zamani. A 2015 YouTube ya daina aiki a kan teloli da yawa na 2012 zuwa baya, a ƙarshen 2019 kuma Netflix ya janye daga wasu Samsung na 2010 da 2011. Ba lalacewa suka yi ba, kamfanin ne ya daina sabunta su. A 2024 Samsung ya yi alkawarin sabunta tsarinsa na Tizen har shekara 7 ga samfuran wannan shekarar da wasu na 2023, kuma wannan shi ne babban abin da sabuwa ta fi tsohuwa. Wadda ta haura shekara biyar ko shida, ka saye ta a matsayin allo kawai, ka biya kuɗin allo. In hotonta na da kyau, ƙaramin akwatin Android TV da ake sokawa a HDMI zai ɗauke aikin intanet, ranar da ya tsufa shi kaɗai za ka canza.

Ka kula da jabu. Samsung na gaske Tizen yake amfani da shi tun 2015, LG kuma webOS tun 2014. In ka kunna tele mai tambarin ɗayansu ta buɗe da Android, liƙa sunan aka yi.

Sai maganar tashoshi. TNT ɗinmu, wato tashoshin dijital da ake kamawa da eriya, da tsarin DVB-T2 yake tafiya, don haka ka nemi wannan rubutu a kwali ko a littafin telen. Yawancin tsofaffin okaziyon da suka fito daga Faransa DVB-T kaɗai gare su, ba za su kama Télé Sahel da eriya ba sai da dekoda. Na Amurka sun fi wahala: tsarin kamun tasharsu daban ne, kuma da yawa an yi su ne don wutar 120 V, mu kuwa 220 V muke sha. Mai Canal+ ba ruwansa da wannan, HDMI ɗaya mai lafiya ya ishe shi.

Kada 4K ta ruɗe ka in da forfen waya kake kallo. Netflix na neman saurin 15 Mbps don 4K, kuma yana iya cin har 7 GB a awa ɗaya, HD kuma har 3 GB. Wasan ƙwallo biyu sun cinye forfen wata. A allon inci 32 ko 43 da ake kallo daga nisan mita uku, ido ba ya ma rarrabe Full HD da 4K. Sai a babban allo, ana kusa da shi, bambancin ke fitowa.

In ta hannu za ka saya, a kasuwar Katako ko wurin wani mai gyara, tafi da kile USB mai hotuna biyar: fari fat, baƙi ƙirin, ja, kore, shuɗi. Buɗe kowanne ya cika allo. A kan fari za ka ga tabo mai duhu ko wurin da ya koma shuɗi-shuɗi, alamar fitilun LED na bayan allo sun fara ƙonewa. In ka ga ɗige-ɗigen haske kamar tsabar kuɗi, murafun da ke baza hasken fitilun ne suka ɓalle. A kan baƙi za ka ga hasken da ke tsiyaya daga gefe. Layi siriri da ya ratsa allo daga sama zuwa ƙasa kuwa, ka bar ta nan, domin canjin gilashi ya kusa kuɗin sabuwa. Fitilu ana canza su, kuma masu gyara sun san cutar: murya na fita, hoto babu, amma in an haska tocila a jikin allo sai a ga inuwar hoton. A bar ta a kunne aƙalla minti 30, wasu aibobin sai ta yi zafi suke fitowa. Gwada kowane ramin HDMI, haɗa ta da Wi-Fi na wayarka ka buɗe YouTube, sannan a mayar da ita saitin kamfani a gabanka don asusun tsohon mai ita ya fita. Tele mai allon OLED, wanda ba ya da fitilun baya, in ta hannu ce tana son ƙarin ido, tambarin tashar da aka daɗe ana kallo yakan zauna a kusurwa har abada.

Tsohuwa ko sabuwa, ba ɗaukewar kuran ke kashe tele ba, dawowarsa da ƙarfi ne ke ƙona katin wuta. Regilata mai 500 VA zuwa 1000 VA ta wadatar da tele da dekoda, amma ka zaɓi mai jinkiri, wadda ke dakatawa kaɗan kafin ta saki wuta. Da damina, in hadari ya taso, zare filogi da wayar eriya ko ta parabol, tsawa ta nan ma take shiga. Mai sola ya duba watt a takardar baya, ya kuma guji tsohuwar plasma ko da kyauta ce, cinta ya ninka na LED.

Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai da Tahoua ke wuce digiri 40, shi ne ke rage kwanan fitilu. Bar tazarar santimita 10 a kewayen telen, kada ka rufe ramukan iska da ƙyalle tana aiki, ka kuma share ƙurar hunturu da busasshen burushi. Daga shago teloli kan zo a yanayin Dynamique ko na baje koli, haske a ƙure. Mayar da ita Standard, ka sauke Rétroéclairage, wato hasken fitilun bayan allo, zuwa kashi 60 ko 70 cikin 100. Kafin ka biya, a rubuta maka lambar seri da tsawon garanti a faktir, ka gwada lambar da ta bayan telen da ta jikin kwali.