Kafin ka kai kuɗinka Ikeja sayen kyamarar ɗaukar tsuntsaye

Ranar da na fara shiga dajin Lekki Conservation Centre da sabuwar kyamarata, wani zalɓe na tsaye a bakin ruwa, tsakanina da shi bai fi taku talatin ba. Na danna sau kusan ashirin. Da na koma gida Agege na buɗe hotunan a kwamfuta, sai ga zalɓen kamar ƙwayar gero a tsakiyar faifai. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Gilashin gaban ne, wanda masu sana'ar ke kira lens, bai kai ba, ɗan 18-55mm ne da ake haɗowa da ita a kwali.

Don haka abu na farko da zan gaya maka shi ne ka raba kuɗinka biyu tun daga gida, kuma kaso mai tsoka ya tafi ga lens. Idan tsuntsaye da birai kake so, kada ka yi ƙasa da 70-300mm, ko 55-250mm in Canon ka ɗauka, don girman lambar mm shi ke matso maka da abin da ke nesa. Akwai manyan nan na Sigma da Tamron masu 150-600mm, amma nauyinsu ya kusa kilo biyu, ka haƙura da su sai hannunka ya faɗa. Ɗan ƙaramin 18-55 ɗin ma kada ka yar, shi ne na ɗaukar lagun da jiragen masunta a Epe ko gaɓar teku a Badagry.

Ita kanta kyamarar, kada kowa ya ruɗe ka da batun mai babbar sansa, wato ɗan farantin cikinta da hoto ke sauka a kai. Mai matsakaiciyar sansa da ake kira APS-C ta fi dacewa da ɗan koyo, tana da sauƙin kuɗi, kuma tana matso maka da abu: 300mm a kan Nikon ko Sony yana ba ka kusancin 450mm, a Canon kuwa 480mm. Ni tokumbo na saya, Nikon D5600, har yau ita nake riƙe. Canon 250D ko 80D ma suna aiki. Marasa madubi irin Sony a6400 da Canon R50 sun fi saurin kama idon abin da kake ɗauka, sai dai suna shan batir. Nikon D3500 mai madubi tana iya haura hoto 1,500 a caji ɗaya, su kuwa 'yan ɗaruruwa ne. Ga wanda ya san halin wutar Legas, wannan abin dubawa ne.

Yanzu kasuwa. Ko Computer Village ka je a Ikeja ko Alaba, ka tafi da memorinka da wanda ya san kan abin. Ni wani dattijo mai ɗaukar hoton biki a unguwarmu ne ya raka ni karo na biyu. Yana karɓar lens ɗin ya cire murfin gaba da na baya, ya kunna fitilar wayarsa ya haska ta ciki, ya ce, "Ɗana, zo ka duba." Na leƙa, sai ga wasu siraran zare farare kamar saƙar gizo-gizo a gefen gilashin. Fumfuna ce. Ya mayar wa mai shagon, muka ƙara gaba. Da ni kaɗai ne da na biya, don jikinsa fes yake kamar sabo.

Bayan wannan, ka nemi sanin adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka. Ƙananan kyamarorin nan an ƙera marufin idonsu ya yi wajen dannawa 100,000, to wadda ta wuce 70,000 ta sha jiki, ka nemi ragi ko ka bar ta. Ka ɗauki farin bango ko sararin sama da f/16, wato ka tsuke ƙofar hasken lens ɗin, ka buɗe hoton sosai, duk ƙurar da ke kan sansa za ta fito ɗigo-ɗigo. Ka fita ƙofar shago ka bi wata danfo mai wucewa ka ga ko tana kamawa da sauri. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar. Memori kuwa na jabu ya cika kasuwa, in ka ji arha ta yi yawa, ka ajiye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mutane ke kashe dukiya sannan su jefa kyamara cikin jaka a ƙasan durowa. Mu da muka taso a Arewa ƙura muka sani, a nan kuwa laima ce maƙiyiyar. Watan Yuni da Yuli, takalmin fata ma fumfuna yake yi a ɗaki. Ka sayi robar abinci mai rufewa gam, ka zuba 'yan ƙunshin tsakuwar nan masu shanye laima irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa ajiye ta ciki. In ka dawo daga Tarkwa Bay, ka goge jikinta da ƙyalle mai ɗan danshi saboda gishirin iska, kuma kada ka kuskura ka canja lens a kan yashi.

Sai fita. Ka yi sallar asuba ka kama hanya, kafin rana ta take, lokacin tsuntsaye ke kiwo kuma haske yana da laushi. Tsuntsu mai tashi yana son ka sa saurin marufin ido a 1/1000 na daƙiƙa ko sama. Ba sai ka tsallaka gada zuwa Lekki ba tukuna: balbelun da ke bin shanu a mayankar Oko-Oba da shirwar da ke shawagi a samanta sun ishe ka koyon hannu na wata guda. In ka je Lekki, ka rataya igiyar kyamarar a wuya kafin ka hau gadar saman bishiyoyin nan mai tsawon mita 401, tana lilo sosai, kuma ka zuge jakarka, biran wurin suna sa hannu.